Sharhi: Takin Zamani Da Lulluɓe Ƙasa, Makomar Noman Masara A Gonakin Tudu

Duk wanda ya bibiyi al'amuran kasuwannin hatsi na arewacin ƙasar nan a cikin shekarar 2025, ya san irin halin ƙaƙa-ni-ka-yi da manoman masara suka shiga. Farashin masara ya faɗi ƙwarai a manyan kasuwanni irin su Dawanau da Saminaka da Giwa da Dandume, alhali kuɗin takin zamani bai sauko ba. Masu lura da al'amura da dama sun danganta faɗuwar da matakin da gwamnatin tarayya ta sanar a watan Yuli na 2024, na ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci har tsawon kwana 150, ciki har da masara. Shi kuwa taki, tun lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022 ya yi tsada ƙwarai, sannan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023 suka ƙara masa kuɗi.

Mazauna birane sun yi marhabin da sauƙin abinci, kuma suna da hujja. Amma idan manomi ya ga cewa abin da zai girba ba zai biya kuɗin takin da ya zuba ba, to abu biyu zai yi: ko ya rage taki, ko ya bar masara ya koma dawa da gero da waken suya. Kowanne daga cikin biyun ya faru, ƙarshenta abin zai dawo kan kowa, domin masara ita ce tuwon gidaje masu yawa, ita ce kuma ginshiƙin abincin kaji. Farashin taki ba ya hannun manomi, ba ya kuma hannun ƙaramar hukuma. Abin da ke hannunsu shi ne yawan amfanin da kowane buhun taki zai haifar bayan an zuba shi a gona, kuma a kan wannan ne sharhin namu zai tsaya.

Yadda masara ta hau tudu

Dattawa za su iya tunawa da lokacin da masara amfanin bayan gida ce kawai. A kusa da turke da juji ake shuka ta, inda ƙasa ke da ƙarfi, a gasa ko a dafa a ci kafin gero ya nuna. Al'amarin ya sauya ne daga tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da aka kafa ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe tare da taimakon Bankin Duniya. Waɗannan ayyuka sun yaɗa farar masara mai suna TZB, wadda cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, wato IITA, ta samar, suka kuma haɗa ta da takin zamani mai rangwame mai yawa da hanyoyin karkara. Cikin 'yan shekaru masara ta fita daga bayan gida ta mamaye gonakin tudu. Daga 1992 shirin Sasakawa Global 2000 ya zo ya ƙara koya wa manoma shuka a layi da tazarar da ta dace da binne taki.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, masara ta hau tudu ne bisa ƙarfin taki mai araha. An janye rangwamen a 1997, aka maido da wani ɓangare nasa a 1999. Aka zo da tsarin raba taki ta wayar salula a 2012, sannan shirin taki na shugaban ƙasa da aka ƙulla da ƙasar Maroko a ƙarshen 2016, wanda a farkonsa aka sayar da buhun NPK 20:10:10 a kan naira 5,500. A 2022 aka buɗe babbar masana'antar yuriya ta Dangote a Legas. Duk da waɗannan matakai, matsakaicin abin da hekta ɗaya ke bayarwa a Nijeriya yana kai-kawo ne a wajen tan biyu, wato kimanin buhu ashirin, alhali irin da ke hannun manoma zai iya ba da ninkin haka ko fiye idan ya sami kulawa.

Halin ƙasar tudu

Domin a fahimci dalilin wannan giɓi, wajibi ne a dubi ita kanta ƙasar. Yawancin gonakin tudu na yankinmu jigawa ce ko jar ƙasa mai yashi, kuma ɗan yumɓun da ke cikinta ba irin mai riƙe abinci sosai ba ne. Abin da ke riƙe wa irin wannan ƙasa ruwa da abincin shuka shi ne ruɓaɓɓen ganye da saiwa da kashin dabbobi da ke gauraye da ita. Gwaje-gwajen ƙasa a yankin sun sha nuna cewa wannan ruɓi ya yi ƙaranci, a gonaki da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A da, manomi kan bar gona ta zama saura na wasu shekaru har ta farfaɗo, ko ya sauke Fulani a cikinta da rani su bar masa taki. Yawan jama'a da rabon gado sun kusa kawar da saura, zaman makiyaya a gonaki kuma ya ja baya a wurare da yawa.

Kowace kaka gona tana yin asara. Duk tan ɗaya na ƙwayar masara da aka kai gida yana tafiya da kimanin kilo 15 na sinadarin naitirojin. Shi kuwa sinadarin fotash, mafi yawansa a cikin kara da ganye yake zama, saboda haka wanda ya kwashe kara ƙaf ya kwashe shi ke nan. Abin da ya rage a gona kuma, a tattara shi lokacin sharar gona a cinna masa wuta. Tokar takan bar ɗan fotash, amma naitirojin da ruɓin da ƙasa ke bukata sun bi hayaƙi.

Sai ruwan farko ya sauka a kan ƙasa tsirara. Ɗigon ruwan sama mai ƙarfi yakan farfasa ƙasar sama, ta yi laushi ta toshe ƙofofin da ruwa ke bi, idan rana ta fito kuma ta yi ɓawo. Ruwa na gaba, maimakon ya nutse, sai ya kwaranya ya tafi da ƙasa mai kyau da takin da aka watsa. Wannan shi ya sa akan ga gona ta sha ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma bayan kwana biyar masara ta fara naɗe ganye. A irin wannan gajiyayyiyar ƙasa ce kuma wuta-wuta ta fi yin ɓarna.

Abin da takin zamani ke yi

Babu mai musun cewa masara ba ta yi sai da abinci, kuma ta fi dawa da gero ci nesa ba kusa ba. Shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa ga yankin da ake noman masara sosai, kamar ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da kudancin Kano, ita ce kilo 120 na naitirojin da kilo 60 na fosfat da kilo 60 na fotash a kowace hekta, wato kimanin eka biyu da rabi. Idan aka mayar da wannan lissafi zuwa buhuna, buhun kamfa 15:15:15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na kowane ɗaya daga cikin ukun, don haka ana bukatar buhu takwas. Ragowar kilo 60 na naitirojin kuma daga yuriya zai fito, wadda kowane buhunta ke da kilo 23, wato buhu biyu da rabi zuwa uku. Jimla kusan buhu goma sha ɗaya ke nan a hekta guda. Ƙaramin manomi nawa ne zai iya wannan a farashin da taki ya kai?

Tun da yake mafi yawa ba za su iya ba, ya kamata a san inda ɗan abin da aka saya yake zurarewa. Sanannen abu ne a wurin masana cewa sau da yawa shuka ba ta cin ko rabin naitirojin da aka zuba mata. Yuriyar da aka ajiye a kan ƙasa ba a binne ba, wani kaso nata yakan bi iska, musamman a rana mai zafi. Wadda ruwa mai yawa ya tarar kuma takan zurare ƙasa can inda saiwa ba ta kaiwa, abin da ya fi faruwa a jigawa. Wadda aka makara ba a zuba ba sai masara ta fara goyo, ta riga ta wuce lokacin da ta fi amfani.

Bari mu kawo misali don a ga girman bambancin. A ɗauka a wata gona kowane kilo na naitirojin ya ƙara kilo 20 na masara. Buhun yuriya ɗaya zai haifar da kilo 460, fiye da buhu huɗu da rabi. A wata gonar kuma, mai ɓawo da wuta-wuta, a ɗauka kilo 8 kawai ya ƙara. Wannan buhun dai zai haifar da kilo 184, bai cika buhu biyu ba. Kuɗi ɗaya mutum biyun suka kashe, amma na farko zai jure faɗuwar farashi, na biyun kuwa bashi zai bi shi.

Akwai kuma darasi daga Samaru. Tun a shekarar 1950 aka fara wani dogon gwaji a tashar bincike ta can, wadda a yau take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka ware filaye ana zuba wa wasu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu kuma duka biyun, shekara da shekaru. Abin da ya bayyana shi ne, filayen da aka daɗe ana zuba wa takin naitirojin shi kaɗai ƙasarsu ta yi tsami kuma amfaninsu ya ja baya, waɗanda aka haɗa musu da kashin shanu kuwa suka riƙe ƙarfinsu. Shugabannin Afirka ma sun iso ga wannan fahimta. A taron Abuja na watan Yuni 2006, burin da aka sa shi ne a ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta kafin 2015, burin da bai cika ba. Da aka sake taruwa a Nairobi a watan Mayu na 2024, sai aka haɗa batun taki da batun lafiyar ƙasa a sunan taron kansa.

Lulluɓe ƙasa da amfaninsa

Abin da ake nufi da lulluɓe ƙasa shi ne a shimfiɗa kara ko ganye ko busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa a kan gona, ta yadda rana da ruwa ba za su tarar da ita tsirara ba. Manoman albasa da masu renon barkono sun daɗe suna yin haka a kan komayen iri, sai dai ba a saba ganinsa a gonar masara ba.

Amfaninsa na farko shi ne tare ƙarfin ɗigon ruwa, ƙasa ba ta yin ɓawo, ruwa ya nutse a inda ya sauka. Na biyu, yana rage tsotsar da rana da iska ke yi wa laima, wanda hakan kan ba masara ƙarin kwanaki idan ruwa ya ɗauke. Wannan yana da muhimmanci sau biyu a damina: a farkonta, lokacin da tsiro ke ƙarami kuma zafin ƙasa kan ƙona shi, da kuma lokacin da masara ke fitar da gemu, domin fari na 'yan kwanaki a wannan gaɓa yakan bar totuwa babu ƙwaya. Na uku, shimfiɗa mai kauri tana danne ciyawa. Na huɗu, wanda ba a ganinsa a shekara ɗaya, shi ne idan ta ruɓe tana mayar wa ƙasa ruɓin da zai riƙe taki.

Wani masanin ƙasa ɗan asalin Indiya, Rattan Lal, ya yi gwaje-gwaje a kan wannan a Ibadan a shekarun 1970, inda ya nuna cewa shimfiɗa tan huɗu zuwa shida na ragowar amfani a hekta tana rage kwararar ruwa da zaizayar ƙasa matuƙa, ko da a gona mai gangare. A 2020 an ba shi babbar lambar yabo ta duniya kan samar da abinci saboda ayyukansa a kan ƙasa. Ga wanda ba shi da wannan adadi, ma'aunin da masana suka fi amfani da shi shi ne a rufe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na fuskar gona.

Inda gizo ke saƙa

Idan abin yana da wannan amfani, me ya hana manoma yi? Ba rashin sani ba ne kawai, kuma duk jami'in da ya ɗauka haka zai sha mamaki. Ibadan ƙasar ruwa ce mai yalwar ganye, mu kuwa muna da rani na wata shida zuwa bakwai, kuma a cikinsa kara dukiya ne. Shi ne abincin shanun huɗa da tumaki, shi ne makamashin girki, da karan dawa ake danga da rumfa, kuma yana da kasuwa. Wanda ya bar kara a gona, dabbobin da ake saki bayan kaka za su cinye, abin da suka rage gara ta ɗauka, ko wutar mafarauta ta lashe. A wasu wuraren ma barin kara a fili yakan jawo rikici tsakanin mai gona da makiyayi.

Akwai kuma matsaloli na cikin gona. Karan masara da na dawa ba su da naitirojin sosai, don haka ƙananan halittun da ke ruɓar da su sukan ari na cikin ƙasa, masara ta yi ɗorawa a makonnin farko. Wanda ya shimfiɗa kara bai sa taki ba yana iya girbar ƙasa da abin da ya saba a shekarar farko. Tsutsar da ke huda kara tana kwana a cikin busasshen kara har damina ta zagayo, ko da yake kwantar da shi a ƙasa rana ta buga yakan kashe da yawa daga cikinta, fiye da a jingine shi a inuwa. A ƙasa mai riƙe ruwa, shimfiɗa mai kauri a watan Agusta tana iya ƙara jiƙewa. Sannan garmar shanu ba ta tafiya daidai a cikin dogon kara.

A ƙarshe akwai batun yawa. Gonar da ta ba da tan biyu na ƙwaya, karan da za ta bari bai wuce tan biyu zuwa uku ba. Idan aka cire na dabbobi, abin da ya saura ba zai rufe gona ba. A nan ne alaƙar abubuwan biyu take fitowa fili: taki ne ke samar da karan da za a shimfiɗa, shimfiɗar kuma ita ke tsare laima da ƙasar da za su sa taki ya yi aiki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da manomi zai iya yi

Mataki na farko shi ne a daina ƙona abin da ya rage a gona lokacin shara. Tushiya da guntayen kara da ganyen da ya zuba, a jera su a cikin kwarin kunya, a gicciye da gangaren ruwa. Wanda ba shi da abin da zai rufe gona duka, ya zaɓi inda ta fi gajiya ko inda ruwa ya fi ci, ya fara da nan. Wanda ke tsoron dabbobi da wuta yana iya adana wani kaso na kara a gida, ya fitar da shi bayan an yi huɗa an yi shuka, ko bayan an banƙasa. Karan da dabbobi suka ci ma bai ɓata ba muddin aka tara kashinsu da ragowar abin da suka tattake aka mayar gona, kamar yadda manoman kewayen birnin Kano suka daɗe suna yi da jakuna da amalanke.

Game da takin zamani, wanda buhu huɗu kawai ya iya saye, gara ya zuba su a rabin hekta ya shuka wake ko gyaɗa ko waken suya a ragowar, maimakon ya barbaɗa su a hekta guda. Badi sai ya juya, masara ta koma inda waken suya ya tashi, domin yana barin ƙasa da ɗan ƙarfi kuma wasu nau'o'insa suna rage ƙwayar wuta-wuta. A sa kamfa lokacin shuka ko cikin mako biyu na farko, a sa yuriya a mako na huɗu zuwa na shida, a cikin ƙasa mai laima kuma bayan an yi noma. A haƙa ɗan rami kimanin yatsu huɗu daga gindin shuka, a zuba a rufe. Idan akwai shimfiɗa, a buɗa ta a sa takin a ƙasa. Tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya da santimita 25 tsakanin shuka da shuka, ƙwaya ɗaya a rami, tana ba da kimanin shuka 53,000 a hekta, kuma gona mai giɓi ba ta cin takinta. A nemi ingantaccen iri, kamar nau'o'in SAMMAZ na Samaru, waɗanda a cikinsu akwai masu jure wuta-wuta da masu saurin nuna. A kuma riƙa duba kan masara saboda tsutsar nan mai cin ganye da ta shigo ƙasar nan a 2016, domin tana iya cinye ribar takin baki ɗaya.

Ba za a manta da itatuwa ba. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, kuma kowa ya san yadda amfani ke kyau a ƙarƙashinsa. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun farfaɗo da miliyoyin hektoci ta hanyar renon tohon itatuwan da ke fitowa da kansu a gona. Ganyen irin waɗannan itatuwa shimfiɗa ce da ba a saya ba.

Nauyin da ke kan hukumomi da sarakuna

Akwai abubuwan da manomi shi kaɗai ba zai iya ba. Ba zai iya hana wutar daji ba, ba zai iya tsayar da ranar sakin dabbobi ba. Wannan aikin hakimai da dagatai da masu unguwanni ne tare da ardoɗi da shugabannin ƙananan hukumomi. Ya dace a zauna kafin kaka a amince da ranar da dabbobi za su shiga gonaki, da yadda za a gane gonar da mai ita ya bar wa kara da gangan, da kuma yadda za a farfaɗo da tsohuwar yarjejeniyar ba da kara a karɓi taki, wadda kowane ɓangare ke cin moriyarta.

Sassan aikin gona na ƙananan hukumomi kuma suna iya kafa gonar gwaji a kowace gunduma ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. A raba fili gida huɗu: ɗaya babu komai, ɗaya taki kawai, ɗaya shimfiɗa kawai, ɗaya kuma duka biyun. A auna abin da kowanne ya bayar a gaban jama'a, a kuma maimaita har shekara uku, domin amfanin shimfiɗa a hankali yake bayyana kuma ya fi fitowa a shekarar da ruwa ya yi gardama. Gani ya kori ji. Haka nan buntun da ke tare a bakin injinan casar shinkafa, wanda sau da yawa ƙona shi ake yi, ana iya shirya yadda zai isa gonaki.

Duk takin da hukuma za ta raba ko ta sayar, ya isa hannun manomi kafin ruwan shuka, domin kamfar da ta zo a watan Agusta ta riga ta rasa rabin amfaninta. A sa ido kan masu gauraya taki da yashi ko rage awon buhu, tun da akwai dokar kula da ingancin taki ta 2019 da ta haramta hakan. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, a kai shi ga manoma da Hausa ta rediyo da bakin malaman gona tun kafin a fara shara.

A wajen auna nasarar aikin gona a ƙaramar hukuma, an saba ƙidaya tirelolin takin da aka raba. Lokaci ya yi da za a riƙa tambayar buhun masara nawa kowane buhun taki ya haifar, da kuma gonaki nawa ne ruwan farko ya tarar a rufe. Aikin kuwa tun daga kaka yake farawa, ranar da manomi zai yanke shawarar abin da zai yi da karansa.